Rinin Ɓawon Albasa

Ruwan sama ne ya fara shigar da Zinatu Zauren Sana'a. A farkon daminar da ta biyo bayan samun jihar Kebbi, ta taso daga Aliero da kwandon gabu, wato busasshen ganyen albasa da take sayarwa a kasuwar Jega, sai hadari ya haɗo kafin ta kai tasha. Ta ruga tsohon sito na auduga da aka yi wa sabon farin fenti, ta tsaya tana kakkaɓe mayafi. Da ta ɗaga kai sai dariya ta kuɓuce mata.

Faya-fayai ne a bango, reras, manya da ƙanana, ja da kore da baƙi, kowanne da fitila tana haska shi.

"To ina tuwon da za a ruhe?" ta tambaya da ƙarfi. "Ko bangon ne anka dafa?"

Wata matashiya mai tabarau ta fito tana murmushi. Ita ce Hamdiyya, 'yar garin, wadda ta yi karatun zane a Zariya ta dawo ta buɗe wurin. Ta ce matan Dangamaji ne suka saƙa su, kuma kallo kawai ake so a yi. Bayan wata biyu za a sauke a rataya wani abu, haka har shekara ta zagayo.

Ruwa ya ɗauke, Zinatu ba ta sani ba. Tana nan tana bin saƙa da ido, ita da ta rufe kwano da faifai tun tana yarinya ba ta taɓa tsayawa ta dube shi ba.

Daga ranar ta kamu. Duk ranar kasuwa sai ta karyar da gabunta da wuri ta garzaya zauren. Ta ga tukwanen Maiyama masu dogon wuya an jera su kan akwatuna kamar amare. Ta ga kujerun da maƙeran Jega suka lanƙwasa daga tsofaffin ƙarafan manyan motoci, ta zauna a kan ɗaya ta yi ta lilo har Hamdiyya ta roƙe ta ta bar wa wasu. Da aka zo kan aikin dukawa, sai ta kwaso maƙwabta mata cikin akori-kura guda, ita ce gaba tana yi musu bayani kamar gidan ubanta. In ta koma gida kuwa, mijinta Sabo, manomin albasa mai ƙarancin magana, ba ya samun cin tuwo cikin kwanciyar hankali.

"Malam, da ka ga jakar nan! Hannunta kamar wuyan zabo!"

"Na ji. Miƙo man ruwa."

Lokacin sanyi, Hamdiyya ta tsare ta a bakin ƙofa, ta kama gefen kallabinta. Launinsa ba ja ba, ba ruwan ƙasa ba, wani abu kamar zuma a rana.

"Inna, ina kika sayi wannan?"

Zinatu ta rufe baki da hannu. Ta ce fari ne da, ya faɗa tukunyar da ta tafasa ɓawon albasa, ta ga ya yi kyau ta bar shi. Hamdiyya ta yi ta murza ƙyallen. Sannan ta ce baje kolin ƙarshe na shekarar bai samu mai shi ba, kuma zai faɗo daidai lokacin cire albasa, tana so Zinatu ta rina yadudduka a rataya.

"Ni? A bango?" Zinatu ta dafe ƙirji. "Ke 'yar nan, kada ki sa in faɗi!"

A mota ta yi ta dariya ita kaɗai har direba ya riƙa leƙenta ta madubi.

Hamdiyya ta aiko mata da farin yadi. Zinatu ta shiga bin rumfunan da ake ɗura albasa a buhu, tana share ɓawon da iska ke kwashewa. Masu lodi suka riƙa yi mata kirari, wai ga sarauniyar shara ta iso. Ita ma ta taya su. Tsakar gidanta ta cika da tukwane. Ta gano cewa tukunyar ƙasa tana ba da ruwan zuma, tsohuwar tukunyar ƙarfe mai tsatsa tana juya shi kore-kore kamar ganyen kuka, in ta matsa lemun tsami sai ya yi haske. Duk yadin da ta tsamo sai ta yi guɗa, har kajin gidan suka saba suka daina gudu. Ta ɗaure wasu da zare, ta naɗe wasu da tsakuwa a ciki. Hannuwanta suka rine har gwiwar hannu.

Sabo ya yi kwanaki yana tsallake igiyoyin shanya. Ana gobe buɗewa ya shigo da farar rigarsa ta Juma'a, ya ajiye gabanta.

"Wagga ma, in akwai saura," ya ce yana duban wani wuri.

Ta tsoma ta a tukunyar da ta fi kowacce kauri, ta shanya. Don ɗoki ba ta tsaya ɗauraye ta ba.

Ranar buɗewa zafin bazara ya kai inda ya kai, amma zauren ya cika maƙil. Yadudduka sun sauko daga rufi har ƙasa, iskar fanka tana kaɗa su. Hamdiyya ta tara albasa a bakin ƙofa don ado, sai ga mata sun durƙusa suna zaɓe, da ƙyar aka fahimtar da su ba ta sayarwa ba ce. Masu lodin Aliero sun zo da huluna a karkace. Zinatu ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Ta laɓe bayan wannan yadi ta ji ana yabo, ta zagaya bayan wancan. Wata ma'aikaciya daga Birnin Kebbi ta tambayi wace ce mai aikin, kafin Hamdiyya ta buɗe baki Zinatu ta faso daga tsakanin yadudduka tana cewa, "Ni ce! Wallahi ni ce!"

Shi kuwa Sabo, ya tsaya kusa da wani akwati cikin rigarsa mai ruwan zuma, sai baƙi suka ɗauka shi ma cikin abin kallo yake. Wannan ya ce ya juya, wancan ya ce ya ɗaga hannu. Mutumin da ko a ɗaurin aure baya yake zama, sai ga shi ya hau akwatin yana buɗe hannuwa yana juyawa a hankali.

Gumi ya yi aikinsa. Rini ya bi wuyansa, ya sauka ta hannu, ya ɗiga daga yatsu. Da ya share goshi sai ya bar shatin tafinsa a fuska. Wani mahauci ya nuna shi ya ce, "Jama'a, har mai rigar ta rina!"

Zinatu ta ja mayafi ta rufe fuska, tana jiran ya sauko ya fice. Sabo ya dubi hannuwansa, ya juya su, ya dube ta.

"To, ai ba ki ce launin bai yi mani kyau ba," ya ce.

Zauren ya ɗauka da dariya. Zinatu ta zauna daɓas a kan tulin albasar, albasa ta watse tana gangarawa tsakanin ƙafafun mutane, ita kuma tana dariya hawaye na zuba. Hamdiyya ta riƙe tabarau da hannu ɗaya, ɗayan ta dafe cikinta don dariya.

Launin ya yi kwanaki bai bar wuyan Sabo ba, kuma bai yi wani ƙoƙarin gogewa ba. A masallaci da gona duk wanda ya tambaya sai ya tsaya ya ba shi labarin tun daga farko. Kafin a sauke yaduddukan, mata daga Katanga da Jandutsi suka fara sallama a gidan Zinatu, kowacce da ƙullin ɓawo da farin ƙyalle. Abu na farko da take koya musu shi ne ɗauraya, sau da yawa, har ruwan ya fita fari.