Babba da Ƙarami Duk Farashi Ɗaya

Hajiya Sa'adiya ta sake wuce kantar da abin yake ba ta tsaya ba, ta je ta ɗauki man goge baki ta jefa a kwando. A cikin kwandon akwai maganin ciwon kai da sabulu da man zafi, babu ko ɗaya da take buƙata. Mai kemis ɗin, wani Ba'indiye mai kaurin gashin baki, ya bar abin da yake yi yana bin ta da ido.

Ta daɗe a unguwar Abu Hail ta Dubai tana saro leshi da mayafai a kasuwar Naif tana aikawa Kano. Ta iya ciniki da guntun Larabci, da guntun Turanci, da yatsu, har 'yan Iran na ɓuya idan sun hango ta. Amma kayan yau ba ta taɓa sayen irinsa ba.

'Yarta Mahfuza, mai shekara goma sha huɗu, za ta shiga gasar iyo ta makarantun 'yan mata da la'asar, gasar da ta kwashe zangon karatu guda tana shiri dominta. Da safen nan kuma al'ada ta zo mata. Hajiya ba daga bakin yarinyar ta ji ba. Mahfuza 'yar fari ce, kuma Hajiya ta taso a gidan da ake yi wa ɗan fari kunya ta sosai. Ba ta kiran sunanta, ba ta kallon idonta su yi hira, sai dai ta ce "yarinyar nan". A Kano akwai kakanni da gwaggonni da ke ɗaukar irin wannan magana. A fulat mai ɗaki biyu a Dubai babu kowa sai Hannatou, maƙwabciyarsu 'yar Damagaram, wadda ta yi karatun ungozoma a Yamai kafin ta koma sayar da turare. Duk wata magana mai nauyi sai ta tsallaka baranda ta shiga ɗakin Hannatou, sannan ta dawo.

"Ta ce idan ba ta shiga ruwa yau ba, za a ba wata gurbinta," Hannatou ta ce mata ɗazu. "Audugar da kika sani jiƙewa take yi a ruwa. Tamfon za ki sayo, irin wanda ake sakawa ciki."

"A fasa iyon mana. Kifi ce ita?"

"Tana ɗakina tana kuka, Hajiya."

"To shi abin, ba ya ɓata yarinya?"

"Auduga ce fa. Yalla, je ki, ni ina jiran kira daga sito."

Yanzu ga ta gaban kantar. Kwalaye ne iri uku, kore da ruwan ɗorawa da shuɗi. Ba ta iya karanta rubutun ba, amma lamba ba ta ɓace mata. Duka ukun farashi ɗaya. Ta girgiza su kusa da kunne, ta auna su a tafin hannu. Shuɗin ya fi nauyi, kuma an zana masa ɗigon ruwa da yawa a jiki. Hankalinta ya kwanta, don an zo inda ta sani. Idan kuɗi ɗaya ne, mahaukaci ne kawai ke ɗaukar ƙarami.

"A'a, Hajiya! Ke ce a nan?"

Alhaji Labaran ne, mai kamfanin kago da ke ɗaukar mata kaya, abokin maigidanta. Yana riƙe da maganin tari, idonsa kuma na kan kwalin shuɗi.

"Samfur ne," ta ce da sauri. "Wata kwastoma ce ta ce in duba mata."

"Mene ne shi?"

"Kayan mata ne, Alhaji."

"Yana tafiya a kasuwar Kwari? Don ina da fili a kwantenar ranar Asabar. Idan abin ci ne a sa da ni, katan biyu."

"Sai an gani tukuna."

Ta biya ba ta nemi ragi ba, abin da mai kemis ɗin bai taɓa gani ba daga gare ta.

Hannatou ta buɗe ledar a tsakiyar ɗakinta, ta fito da man zafi, ta fito da sabulu, ta fito da kwalin. Mahfuza na zaune a ƙarshen gado da jakar iyonta a cinya, idonta ja. Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon labule.

"Mon Dieu. Hajiya, wannan ai ya kusa zama na mai jego."

"Shi ne babba. Kuɗinsu ɗaya. Ki gaya wa yarinyar nan guda ɗaya zai kai ta har gobe, ba sai an yi ta ɓarna ba."

"Har gobe? Kina so mu kwana a asibiti? Wannan ba bandir ɗin shadda ba ne. Ƙaramin ake so, wanda ya yi daidai da jinin. Mai tsotsewa da yawa, ko wanda aka bari ya daɗe, shi ke jawo wata cuta. Ba ta cika faruwa ba, amma idan ta zo ba ta da wasa. Zazzaɓi farat ɗaya, amai, jiri, fata ta yi ja kamar rana ta ƙona ta. Awa takwas ce iyaka, gara ma a canza tun kafin nan. In ta ji jikinta ya sake, ta cire a wuce asibiti."

Fuskar Hajiya ba ta bar labulen ba.

"Ki tambaye ta, ita ba ta san wannan ba?"

"Ki ce wa Umma malamarmu ta faɗa mana, Tanti," Mahfuza ta ce da ƙaramar murya. "Koren ne."

"To ki tambaye ta me ya hana ta faɗa tun ɗazu?"

Hannatou ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba.

"Ni ce wayar tarho ke nan," ta ce.

Hajiya ta koma kemis cikin zafin azahar, tana tsallake shingayen da aka kafa saboda jirgin ƙasan da ake ginawa. Alhaji Labaran na nan a ƙofar yana waya, ya ɗaga mata yatsu biyu don ta tuna da katan ɗinsa. Wannan karon ba ta zagaya ba. Ta ajiye shuɗin gaban mai kemis, ta ɗauko koren, ta ce, "Small. Change." Ba da kuɗi iri ɗaya a karɓi ƙarami ya yi mata ciwo har cikin haƙori, amma ta karɓa.

Da aka kawo koren, Hannatou ta rufe ƙofa ita da yarinyar ta yi mata bayani, ta sa ta wanke hannu, sannan aka kira ta daga sito a Al Warsan ta tafi. Uwa da 'ya suka shiga tasi, ɗaya na kallon tagar dama, ɗaya ta hagu.

Wurin iyon a rufe yake, mata zalla, ga warin maganin ruwa da ihun 'yan makaranta. Hajiya ta zauna tsakanin wata Bamisiriya da wata Ba'indiya da jakar Mahfuza a cinyarta. Da aka busa usur ba ta gane 'yarta ba, duk hulunan iri ɗaya ne, sai da ta ga wani baƙin hannu yana sarar ruwa a layi na gefe. Bamisiriyar ta miƙe tana kiran sunan tata 'yar har muryarta ta dishe. Hajiya ta matse jakar, ta sa wa fuskarta alamar wadda ta zo rakiya. Mahfuza ta zo ta uku. Malamar ta rungume ta, 'yan matan suka ɗunguma ɗakin canza kaya.

Sai wayarta Nokia ta yi ƙara.

"Hajiya, na manta abu ɗaya," Hannatou ta ce, ana jin ƙarar manyan motoci a bayanta. "Da ta fito daga ruwa ta cire wancan ta sa sabo, ko ta koma audugar da ta saba. Ya sha ruwan wurin, kada ta zauna da shi."

"To kira ta ki gaya mata."

"Wayarta ba tana jakar da ke hannunki ba? Ni ina Warsan, ke kina nan. Khalas, shi ke nan, gaya mata."

Layin ya katse.

Ɗakin canza kayan dogo ne, ƙananan ƙofofi a jere, duk a rufe, ruwa na zuba a ƙasa. Hajiya ta bi su tana duban ƙafafu ta ƙarƙashi har ta ga wasu da ta sani tun suna cikin zanin goyo. Ta tsaya. Ta tura jakar ta ƙasan ƙofar da ƙafarta. Ta tuna zazzaɓin, da fatar da ke yin ja.

Sai ta ja da baya zuwa tsakiyar ɗakin, ta gyara mayafi, ta kalli silin, ta ɗaga muryar da take kiran 'yan dako da ita a Naif.

"All girls! Finish water, change cotton! New one! Now now, yalla!"

Wata ta ƙyalƙyale da dariya. Can ƙarshe wata murya ta ce, "Yes, miss," aka ji ana zuge jaka, sannan wata, sannan wata.

Daga ƙofar da ta tura wa jakar aka yi magana da Hausa, a hankali, kamar da bango ake yi.

"A ce wa Umma an canza."

"To," Hajiya ta ce wa silin, ta fita ta jira a waje.