Konstitushan ɗin Mayaƙina

Karo na uku ke nan dodon kogo yana kashe ni da mari ɗaya. Ba ni ɗin ba dai, mayaƙina na cikin waya. Amma da ka ga kallon da ake yi mini a kan benci, sai ka rantse da gangan na kwanta na mutu.

Mu biyar ne a ƙungiyar. Duk Asabar bayan la'asar muke shiga wasan nan na intanet, mu uku a gindin itacen bedi ƙofar kemis ɗin Justina a Dutsin-Ma, sauran biyun daga gidajensu. Abdullatif, ƙanin matata, shi ne shugaba. Hatsi yake sayarwa, a wasan kuwa maharbi ne. Justina ita ce mai warkarwa, duk wanda aka ji wa ciwo ita ke tada shi. Ni kuma Sirajuddeen, da shekaruna arba'in da bakwai da furfurata, ni ne mayaƙi mai garkuwa. Aikina in tsaya a gaba in sha duka, su yi ta ruwan kibau daga bayana. Wata takwas ina rainon mutumin nan, galibi a motar haya tsakanin gida da ofishinmu na Kurfi, an matse mu huɗu a baya, gwiwar wani a haƙarƙarina.

"Yaya, ba ni wayar nan," in ji Abdullatif.

"Sabis ne ya ɗauke."

"Kai kaɗai sabis ɗin ya sani? Ba ni."

Ya fizge, ya buɗe shafin halayen mayaƙina. A wasan, duk matakin da ka hau ana ba ka maki ka zuba inda kake so, kuma kowane irin mutum da abincinsa. Maharbi zafin nama yake ci. Mai warkarwa hikima. Boka mai jifa da wuta kaifin ƙwaƙwalwa. Wannan bayani na sha jin sa, kamar yadda nake jin jawabin shugaban sashe: ina gyaɗa kai.

Abdullatif ya yi salati. "Justina, zo ki ga ikon Allah. Kaifin ƙwaƙwalwa, sittin da uku. Konstitushan, uku."

"Uku?" Ta leƙo. "Ai da ukun ake haihuwar mutum. Malam Siraju, ko ɗaya ba ka taɓa ƙarawa ba?"

"Mi ya haɗa ni da konstitushan?" na ce. "Ni ma'aikacin gwamnati ne. Shekara ashirin da biyu ana ja mana kunne kada mu tsoma baki a siyasa. Na ga an rubuta kundin tsarin mulki, na kauce. Na ɗauka na masu neman sarautar garuruwan cikin wasan ne."

Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi.

"Ƙarfin jiki ake nufi," in ji Justina, tana rarrabe kalmomin kamar mai gaya wa tsoho yadda zai sha magani. "Jini. Yawan dukan da za ka ɗauka kafin ka faɗi. Wata takwas ina ƙarar da maganina a kanka, sauran suna mutuwa a bayana, ana cewa ni ce ban iya ba. Har kuka na taɓa yi saboda wasan banza. Ashe kai kana nan kana gudun siyasa."

"To sittin ɗin da ka zuba a ƙwaƙwalwa fa?" Abdullatif ya tambaya. "Mayaƙi da ƙwaƙwalwa ai jaki ne da agogo. Lissafi za ka yi wa dodon?"

Nan kam ba kuskure ba ne. A ofis ba a taɓa auna basirata aka ba ta ko da goma ba. Fayil ake miƙo mini, in miƙa gaba. Shi ya sa duk maki da na samu nake kai shi can, in zauna a mota ina kallon lambar tana hawa, ina jin daɗi ni kaɗai.

Abdullatif ya aje wayar a cinyata. "Ga magana ɗaya, Yaya. Akwai layar sake zubin maki a jakar mayaƙinka, sau ɗaya take aiki. Ka kwashe sittin ɗin nan ka mayar konstitushan, yanzu, a gabanmu. In ba haka ba na cire ka. Rabi'u mai walda sati uku shina roƙona. Nashi mayaƙin saba'in gare shi."

"Rabi'un da ko sunanshi bai iya rubutawa daidai?"

"Ba rubutu za shi yi ba, tsayuwa za shi yi."

"Kai Abdullatif, ka san da wa kake magana? Ranar da na zo gaisuwar iyayenka kana yawo ba wando."

"Haka ne. Amma ko a lokacin mari ɗaya bai kashe ni."

Na dubi Justina ko za ta sa baki. Ta ce, "Ni in kana nan da ukun nan, na fita. Ka zaɓa."

Abdullatif ya buɗe jerin 'yan ƙungiya a wayarsa, ya ɗora babban yatsa kusa da sunana, ya bar shi nan ina gani. Na yi tunanin tashi in kaɗe rigata in tafi da mutuncina. Sai na yi tunanin Asabar mai zuwa, ina zaune a zaure ina jin labarai a rediyo, su kuma suna nan da mai walda. Mutuncin bai kai nauyin da nake zato ba.

Na buɗe layar. Wasan ya tambaye ni ko na tabbata, har sau biyu, ladabin da ban samu a kan bencin ba. Na danna. Sittin da uku ta koma uku. Na zuba sauran duka a konstitushan, ina danna ɗaya bayan ɗaya don su jira.

Muka koma kogon. Dodon ya zabga mini mari, ban faɗi ba. Ya ƙara, ya ƙara. Minti goma sha ɗaya ina tsaye kamar turmi, ban yi komai ba sai riƙe garkuwa, kibau da wuta suna wucewa ta kaina, har ya durƙusa ya kife. Sauran biyun suka cika wayar da ihu, suna yabon harbin Abdullatif.

Shi kuwa ya rufe jerin sunayen, ya tashi ya nufi babur ɗinsa.

"Na zauna ke nan?" na tambayi bayansa.

"Ka zauna."

Justina ta miƙe, wata mata na jiran ta a bakin kanta. Har ta sa ƙafa a ƙofa ta juyo.

"Asabar ka zo da wuri, Malam Siraju. In an ba ka sabon maki, kada ka taɓa. Ka kawo mana wayar."