Haramin Malam Jibrin

A azumin shekarar da Taha tela ya sayi talabijin, tashar gwamnatin Sudan ta kawo wani wasan barkwanci da ake nunawa bayan buɗe-baki, tsakanin wa'azi da waƙoƙin masu tafiya yaƙin kudu. Tasha ɗaya ce tal a lokacin, abin da aka ba ka shi za ka haɗiye. A wasan akwai wani tsoho, irin mutanenmu da suka taso daga yamma da niyyar hajji suka maƙale a Sudan. Kullum yana rungume da ƙullin haraminsa, kowa ya tambaye shi sai ya ce gobe zai wuce Makka. Sai akuyarsa ta ɓace, ko jakinsa ya ƙi tashi, goben ta koma wata goben. Haj Bukra ake ce masa, wato Alhaji Gobe, kuma duk Gadarif ta haukace a kansa.

To, mahaifin Taha, Malam Jibrin, shi ma yana da harami. Na ubansa ne. A kan jaki aka shigo da Malam Jibrin ƙasar nan yana ƙarami, uban ya rasu a Gadarif ko teku bai gani ba, ya bar masa fararen yadi biyu a akwatin ƙarfe. Kowace kaka, in an gama yankan riɗi a gonarsa ta wajen Doka, sai ya fito da su ya shanya a igiya, ya ce, "Baɗi in Allah ya yarda." Wata baɗin ta zo da fari, wata da jinyar matarsa, wata da aurar da 'ya'ya. Ba wanda ya taɓa ganin abin dariya a ciki kafin wasan nan.

A layin teloli kuwa ba a da hira sai ta Haj Bukra. Duk lokacin da aka tashe ta, Taha yakan ji kamar ana satar kallonsa, don kowa ya san asalinsa. A Gadarif aka haife shi, Larabcinsa ya fi Hausarsa, amma sai ya ga shi ne yake fin kowa ƙarfin dariya, don kada a ce ya ji zafi.

Wata safiya Malam Jibrin ya biyo ta layin. Abdelrahman mai shagon yadi, mutumin kirki ne ba ruwansa, ya gaishe shi da Ammi, wato Baffa da Larabci.

"Ammi Jibrin, bana fa? Za a je?"

"Baɗi, in sha Allah," in ji tsohon, ya wuce.

Shiru ya ɗan ratsa wajen, irin shirun da kowa ke danne dariya. Da Taha ya bar shi da ya wuce. Amma ina! Sai ya wawuri ƙullin ƙyallaye ya rungume, ya ranƙwafa, ya ja ƙafa kamar na talabijin, ya ce, "Ga namu Haj Bukra na gida!" Layin ya kece da dariya, har da mai buga cinya. Malam Jibrin bai yi nisa ba, kuma tsufa bai taɓa masa kunne ba. Bai waiwayo ba.

Kafin azumi ya raba, sunan ya bi shi. Masu kayan miya suna kiransa da shi, direbobin motar Doka suna tambayarsa ko ta Makka yake jira. Zaituna, matar Taha, ta dawo daga kasuwa ranta a ɓace.

"Wai wane marar kunya ne ya fara yi wa Baba wannan suna?"

"'Yan suk ne, mutanen kasuwa ba su da ta-ido," in ji Taha. Ya sunkuya yana neman takalmin da ke ƙafarsa.

Kunya ta ci shi, ta hana shi sakat. Ya fi so tsohon ya zage shi, ko ya ɗaure masa fuska, amma ko kusa. Kullum an sha ruwa sai Malam Jibrin ya zauna a kan angarib ɗinsa, gadon nan na igiya, ya fuskanci talabijin tare da kowa. Ba ya dariya, ba ya tashi. Rannan Taha ya miƙa hannu zai kashe, wai ƙarar ta yi yawa.

"Bar shi," in ji tsohon. "So nake in ga ko zai isa."

Taha ya janye hannu. Ashe duk garin nan mutum ɗaya ne yake kallon Haj Bukra yana yi masa fatan alheri.

A jajibirin Salla aka nuna na ƙarshe. Haj Bukra ya samu mota, ya hau da ƙullinsa, ya yi ban kwana da unguwa har da hawaye. Barci ya kwashe shi a hanya, motar ta yi ta zagaye, ya farka a ƙofar gidansa, akuyarsa tana cin gefen haramin. Ana jiyo ihun dariya daga gidajen maƙwabta. Malam Jibrin ya daɗe yana kallon sunayen da ke wucewa a fuskar akwatin.

"Ba su bar shi ya isa ba," ya ce. Ya ɗauki butarsa ya tafi alwala.

Bayan Salla, da aka buɗe kasuwa, sai ga shi a shagon Taha da ƙulli a hammata. Ya kwance a kan teburin yanka. Yadin nan biyu ne, sun ɗan yi ja don tsufa, suna ƙanshin akwati. Abdelrahman da ke bakin ƙofa ya sulale ya koma shagonsa.

"Na ga ƙura tana hawa talabijin ɗin nan naka. Ka ɗinka masa riga, ka yi mata baki mai kyau."

"Baba, harami ne fa. In na yanka na ɗinke, shi ke nan, ya tashi daga harami."

"Na sani. Shi ya sa na kawo wa tela."

Taha ya so ya durƙusa ya ce ni ne, amma ya san tsohon ya riga ya sani, faɗin ba zai sauke komai ba sai nauyin da ke kansa shi kaɗai. Ya dafe yadin da hannu biyu.

"Don Allah ka mayar da shi akwati, Baba. Wallahi ni zan kai ka da kaina. Baɗi, in Allah ya yarda."

Malam Jibrin ya dubi layin teloli dama da hagu, sannan ya dubi ɗansa. Babu fushi a fuskarsa, tausayi ne, kuma shi ya fi ciwo.

"Yi a hankali, Taha, kada su ji ka," ya ce.

Ya ɗauko almakashi ya ajiye a kan yadin, ya ja benci ya zauna yana jira.