Allurar Gimbiya a Bangon Firiji

Shekara talatin da ɗaya na yi ina gyaran firiji, kuma ban taɓa ganin wanda ya zo shagona ya ce, "Injiniya, firijina ya cika sanyi." Kukan kowa ɗaya ne: ba ya sanyi, ruwa ya ƙi yin ƙanƙara, nama ya fara wari. Saboda haka a wurina sanyi alheri ne, ƙarinsa kuma ƙarin alheri. Kada ku yi min dariya tukuna, ku bari in kai ƙarshe.

Matata, wadda nake kira Gimbiya tun muna ango da amarya, jiki ya yi mata nauyi a 'yan shekarun nan. Gwiwoyi suka sa ta gaba, matakala huɗu na ƙofar gidanmu sai ta tsaya a ta biyu ta huta, tana yi kamar wani abu take nema a jaka. Likita ya auna ta sama da ƙasa, ya rubuta mata allurar rage ƙiba, sau ɗaya a mako. Abin kamar biro ne mai kauri, da 'yar taga a jikinsa inda ake hango ruwan maganin.

Tare muka je karɓa. Mai kemis ɗin yarinya ce sa'ar 'yarmu ta biyu, da tabarau da natsuwa irin ta malaman makaranta. Ta nuna wa Gimbiya yadda ake ɗaura sabon tsinken allura kowane mako, da yadda za ta jefa tsohon a roba mai kauri mai murfi, ta ɗora ta inda hannun jikoki ba ya kaiwa. Ta ce kafin kowace allura a duba ruwan ta tagar, ya zama garau. Sai ta zo kan ajiya.

"Mama, a firiji za ki sa shi, cikin kwalinsa saboda haske. A tsakiya, tsakanin digiri biyu da takwas. Ban da firiza, kuma kada ya jingina da..."

Na ɗaga mata hannu. "'Yata, tsaya nan. Ni za a koya wa firiji? Tun kafin a haife ki nake ɗura musu gas."

Gimbiya ta taka min ƙafa, amma ta makara. Yarinyar ta yi murmushi ta ce, "To Baba Injiniya, ai shi ke nan, magani ya samu mai gadi." Na fito ina hura hanci, ban ji ƙarshen maganarta ba, ban kuma nema ba.

Makonni biyar suka wuce lafiya lau, har ma da daɗi. Kowace Asabar bayan karin kumallo ni nake ɗauko kwalin, in miƙa mata da hannu biyu, ita kuma ta zauna a kujerar kicin ta goge gefen cikinta da auduga da sifirit. Ranar farko ta daɗe tana juya biron kafin ta yi, ni kuma da nake ba ta ƙarfin gwiwa na kau da kai, don ni da allura ba ma ga maciji. Zuwa mako na uku tana yi tana ba ni labarin maƙwabta. Ta fara zagaya layinmu da yamma, ta ɗauko wata tsohuwar riga daga ƙasan akwati ta gwada, ta tsaya gaban madubi tana juyi. Na daɗe ban ga matar nan tana dariya haka ba, kuma gaskiya ni ma na ji ina da hannu a ciki.

Sai aka shiga wani mako na zafi mai tsanani, ga 'yarmu ta fari ta zo da yaranta uku za su kwana biyu. Yaran nan ba su da aiki sai buɗe firiji. A buɗe a sha ruwa, a buɗe a leƙa, a buɗe don kawai a ga fitila ta kama. Ina zaune a falo ina jin ƙarar ƙofar, raina yana ɓaci, ina lissafin sanyin da ke tsiyayewa daga maganin Gimbiya. Ranar Alhamis na kasa haƙuri. Na tashi na murɗa ma'aunin sanyin har ƙarshe, na tura kwalin can ƙurya, na manna shi da bangon baya, inda kowane mai gyara ya san nan ne uwar sanyi take. Na rufe ƙofa ina yaba wa kaina.

Ranar Asabar da safe baƙi sun tafi, gida ya yi tsit. Gimbiya tana banɗaki tana wanka tana 'yar waƙarta. Na buɗe firiji na ja kwalin, ya ƙi tahowa. Na ƙara ja, ya ɓanɓaro da ƙanƙara a bayansa. Gabana ya faɗi. Na zaro biron na ɗaga shi saitin taga, sai na ga ruwan ya daskare ya yi fari, ko motsi ba ya yi.

Na ajiye shi a kan tebur na tsaya ina kallonsa, zufa tana keto min. Kafin in gama tunanin abin yi, zafin kicin ya narkar da shi. Ya koma garau kamar ranar da aka kawo shi. Babu wanda zai kalle shi ya ce wani abu ya same shi, har Gimbiya da aka ce ta riƙa dubawa.

Nan fa wata zuciya ta fara yi min raɗa. Ai ya narke. Ai nama ma yana daskarewa ya narke a ci lafiya. Ka mayar da ma'auni inda yake, ka goge kwali, ka yi shiru, wa ya gani? Ba zan yi muku ƙarya ba, sai da na goge kwalin da gefen rigata.

Amma hankalina ya ƙi kwanciya. Na ɗauki waya na fita bayan gida, na kira mai kemis, na ɗan shaƙe murya.

"Ranki ya daɗe, tambaya ce. Wani abokina ne, allurar matarsa ta ɗan taɓa ƙanƙara, amma yanzu ta narke tas. Ai babu komai ko?"

Sai ta ce, "Baba Injiniya, ina kwana?"

Na ce, "Lafiya lau," a muryata ta gaskiya.

"Ka gaya wa abokin nan naka, maganin nan ba nama ba ne. In ya daskare sau ɗaya ya lalace, ko da ya narke ya yi kyau a ido. Ba a san abin da ya rage a cikinsa ba, don haka kada Mama ta yi shi. Ku kawo min shi yau da takardar likita, a ba ta wani."

"Mama kuma? Na ce miki abokina ne."

"To, ku zo tare da abokin."

Na koma kicin na tarar Gimbiya ta riga ta zauna a kujerarta. Ta wanke hannu, ta jera auduga da sabon tsinke, ta goge gefen cikinta. Ko kallona ba ta yi ba, ta miƙo tafin hannu tana cewa, "Kawo, Injiniya, yau ka yi nawa."

Biron yana kan tebur tsakanina da ita. Na sa hannu na danne shi.

"Gimbiya, ba za ki yi wannan ba. Na daskarar da shi."

"Ka me?"

"Na ƙure sanyin firiji, na manna shi da bango. Yarinyar nan ta so ta gaya min, na katse ta. Ba yara ba ne, ba wuta ba ce, ba firiji ba ne. Laifina ne."

Ta zuba min ido, bakinta a ɗan buɗe. Na sha jinin jikina, na shirya wa faɗa. Sai na ga kafaɗunta sun fara rawa, ta tuntsire da dariya har tana dukan tebur, hawaye na zuba.

"Sake faɗa! Don Allah sake faɗin na ƙarshen nan!"

"Laifina ne."

"Wayyo cikina! Shekara talatin da huɗu ina jiran kalmar nan a gidan nan! Da ka ɓatar da makullin mota, ni ce. Da ka ƙona tukunyar shayi, tukunyar ce. Ashe sai da allura za a ciro ta daga bakinka!"

Ta ɗauki waya ta kira 'yarmu ta fari, ta sa ni na maimaita a kunnenta. Ita ma ta kira ƙanwarta. Kafin minti goma duk zuri'ata sun ji cewa ubansu, sarkin firiji, ya kashe magani da sanyi. Na zauna ina murmushin dole, daga baya kuma dariyar ta kama ni da gaske, don wani nauyi ne ya sauka daga ƙirjina.

Da ta gama, ta share ido da gefen zani, ta ɗauki biron ta ɗaga shi saitin haske. Ta daɗe tana juya shi.

"Ka ga fa garau yake," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Da ka miƙo min, da na yi abina. Ni in daga hannunka abu ya fito, ba na ma dubawa sosai."

Na ce, "Na sani."

Ta dafa bayan hannuna ta bar nata a wurin na ɗan lokaci. Sannan ta mayar da biron cikin jiƙaƙƙen kwalinsa, ta miƙa min.

"Tashi ka sa takalmi mu je. Kuma kai za ka shiga gaba, don ni ba zan yi wa yarinyar nan bayani ba."