Muryar Zali

Mato na Ibohamane tsaranmu ne, mu da yunwar tamanin da huɗu ta gwada ta bari. Bai taɓa roƙon kowa ba. Amma ran nan da ƙafa ya taka har Keita, ya zube a biro, wato ofishin wani furoje na raya karkara da za a rufe washegari.

Mutanen furojen sun taɓa ɗaukar muryar matarsa Zali tana waƙar jera duwatsu bisa tudu. Bara ta rasu, kullum kuwa sai ya saurare ta a salula.

Mahfuzu, ma'aikacin biron, ya ce, "Baba, aro muka ba ka, kamar aron gona. Dosiyen da muryar take ciki yana cikin kontinmu, wato ma'ajiyarmu ta intanet. In an rufe, ya tafi."

"To ku ba ni kyauta, ɗana! Ga yatsana, in dangwala."

"Yatsa ba ya yi. Sai mai konti, mu mai da dosiyen sunansa, shi kuma ya amsa. Wa gare ka?"

Mutum guda gare shi: ɗiyarsa Habsa, malamar asibiti a Buza. Ya yi fushi ya daina kiranta tun ranar da ta ce ya tsufa, ya bar gona.

Mato ya share zufa. "Kira ta."

Da ta ɗauka, Mato ko gaisuwa bai jira ba. "Habsatu, innarki za su share. Amshe ta, don Allah."

Mahfuzu ya mai da dosiyen sunanta. Can ya dubi na'urarsa ya ce, "Ta amsa, Baba."

Habsa ta ce, "Yanzu Inna tana wajena. In kana son jin ta, ka san hanyar Buza."