Jan Zare a Fiffike na Bakwai

Direba ya riga ya juyo da bayan mota bakin ƙofar ma'aikata, ya bar ta a kunne, yana jiran a loda kaya. A kan tebur ga fikafikan farfela goma sha biyu a jere, na babban injin da ke ba da wutar lantarki, an cike musu bakin da ya cinye da walda. Sa hannun Injiniya kawai ake jira, ita kuwa ta riƙe biro kamar an damƙa mata garwashi.

"Ranki ya daɗe, me ya rage kuma?" in ji Manaja. "Shekaranjiya da kanki kika gwada su, ko tsaga ɗaya ba ki gani ba."

"Kafin su shiga tanderu ke nan," ta ce, murya can ƙasa. "Ina so in sake."

Ta kasa duban inda Baffa yake. Ƙanen mahaifinta ne, shi ya yi waldar, kuma shekara talatin ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa ba ya kama sunanta.

"Uwata," ya ce, yana cire safar hannu, "dubi layin nan. Ko tela ya isa ya yi ɗinki haka?"

Layin kam ya yi kyau, kyan ne ma yake ba ta tsoro. Wannan ba ƙarfen ƙofa da taga ba ne. Haɗin nikel ne, mai jure zafin da zai sa wani ƙarfen ya langaɓe, amma ba ya yafe gaggawa. In aka cika masa wuta wajen walda, ko aka ɗora layi kafin na ƙasa ya huce, sai ya ƙulle abin a cikinsa ya yi shiru. Sai an gasa shi a tanderu yake tsagewa, siririyar tsaga da ido ba ya kamawa. Ranar Talata, da Manaja ya matsa da zancen lokaci, ta ga Baffa ya murɗa wutar sama. Ta buɗe baki, kunya ta rufe shi.

In fiffike ɗaya ya ɓalle a cikin injin, ba ƙarfe kaɗai zai lalace ba. Akwai mutanen da ke tsayawa kusa da shi kullum.

Ta ajiye biro, ta ɗauko gwangwanin jan ruwan gwajin tsaga ta feshe su duka. Minti goma ake ba shi ya ratsa duk wata kafa. Motar tana ta ƙugi. Ta goge, ta fara bi da farar hoda, mai zuƙo jan ruwan daga duk inda ya tsage.

Na farko fari fat. Na biyu haka. Da ta kai na biyar Manaja ya yi dariya.

"Boko dai! A fesa ja, a fesa fari, mu kuma rana tana faɗuwa."

Ta fesa na shida, ta fesa na bakwai. Ta kusa wucewa, sai wani ɗigo ya ɓullo a gefen walda, ya miƙe a hankali kamar jan zare.

Baffa ya matso, ya sa tabarau, ya daɗe a sunkuye. Ta jira faɗa. Shi kuwa ya karɓi gwangwanin hodar daga hannunta, ya fesa sauran biyar ɗin da kansa. Uku suka yi ja.

"Daga na bakwai na ƙara wuta," ya ce. Ya ɗaga murya: "Direba, kashe motar nan!"

Manaja ya fara magana, Baffa bai ko waiwaye shi ba.

"Uwata, ranar Talata kin gan ni?"

"Na gani, Baffa."

"Kika yi shiru."

Ta sunkuyar da kai.

"To, tsagar nan tamu ce mu biyu." Ya jawo kujera ya ajiye dab da injin walda, ya mayar da wutar ƙasa. "Zauna nan. In hannuna ya sake zuwa wurin ƙara wuta, ki buge shi."