Sunan 'Yar Fari a Bakin Tafki

Ƙarfe bakwai saura kwata na safiyar Asabar bas ta tsaya a ƙofar benensu na unguwar Danau Kota, can ƙasar 'yan Malay, doguwar bas mai shuɗin labule. Matan ɗalibai ne suka haɗu suka ɗauko ta, tafiyar rabin yini zuwa Bukit Fraser, wani tsohon ƙauye da Turawa suka gina a kan dutse don gudun zafin gari. Najiba, wadda kowa ke kira Maman Zaid, ita ta shirya komai. Ta ce akwai tafki, akwai sanyi irin na Jos, kuma kafin la'asar kowa na ɗakinta.

Hureira ta shiga da 'ya'yanta biyu. Ta zauna jikin taga, ta ɗora Rayyan ɗan shekara uku a cinya. Babbar, mai shekara bakwai, ta zauna gefenta tana rungume da jakar abinci.

Babbar nan Hureira ba ta taɓa faɗin sunanta ba. 'Yar fari ce, ga shi kuma sunan uwar mijin Hureira aka sa mata, Sakinatu. Babanta Walida yake ce mata. A makaranta Sakina suke cewa. Hureira kuwa sai dai "ke", in kuma tana ba wani labari ta ce "yarinyar nan". Haka ta taso ta gani a gidansu can Dukku. Innarta har ta koma ga Allah ba a taɓa jin sunan babban yayansu a bakinta ba, kuma babu wanda ya ce ba ta son shi. Shi ya sa ma a Danau Kota ake kiranta Maman Rayyan. An gwada Maman Walida sau biyu, ta yi kamar ba da ita ake ba.

Mai yi musu jagora wata 'yar Malay ce mai fara'a, Kak Lina. Ta tsaya kusa da direba da takarda tana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan "Sakinatu Hambali", yarinyar ta ɗaga hannu har sama, Hureira ta juya tana gyara labule.

"Kun ga surukar kirki," in ji Najiba daga baya. "An kira Hajiya, har ta sunkuyar da kai."

Aka yi dariya. Hureira ta ɗan murmusa.

Bayan awa ɗaya hanya ta fara hawa, kwana bayan kwana, daji ta ko'ina. Amai ya taso wa Rayyan. Hureira ta shiga lallashi, Rayyan yi haƙuri, Rayyan kalli biri, Rayyan sha ruwa. Sai da ya lafa yarinyar ta matso, ta yi magana da Turanci kamar yadda ta saba, ƙasa-ƙasa.

"Umma, sau goma sha ɗaya kin ce Rayyan."

"Ke, miƙo min leda."

Ta miƙo. 

Ƙauyen ƙarami ne. Gidajen dutse masu jan rufi, ɗan gidan waya, da wata hasumiyar agogo a tsakiyar shataletale wadda ganye ya lulluɓe. Sanyin gaskiya ne, Najiba ba ta yi ƙarya ba. Kak Lina ta nuna agogon ta ce sha ɗaya da rabi za a juya, don da hazo ya sauko direba ba ya son hanyar. Aka yi hotuna, kowa na tura wa gida. Daga nan aka taka zuwa tafkin.

Najiba ta riƙe ƙugu ta dube shi. "Wannan ne? Kududdufin bayan gidanmu a Fagge ya fi shi girma."

"Ke kika kawo mu ai," wata ta ce.

"A hoto ya fi haka."

Ruwan kore ne, shiru, bishiyoyi sun zagaye shi. Akwai 'yar gada ta katako, da rumfar da ake ajiye jiragen da ake tuƙawa da ƙafa, wasu a ruwa wasu a kife a bakin gaɓa. Matan suka shimfiɗa tabarma, aka buɗe kuloli, masa da miyar taushe da dafa-duka. Aka zuba wa Kak Lina, ta ce yaji ya yi mata yawa amma za ta yi tapau, wato ta ƙunshe, ta kai wa mijinta. Hureira na ba Rayyan a baki. Ta tura wa yarinyar faranti ba tare da ta dube ta ba, amma masar da ta fi laushi ta zaɓa mata, guda uku, kamar kullum.

Hazon bai yi sallama ba. Da farko tsallaken tafkin ne ya ɓace, sai jiragen, sai gadar. Kak Lina ta tafa hannu ta ce a tattara. Aka naɗe tabarma, aka ƙirga yara. Sha uku aka zo da su, sha biyu ne a tsaye.

Farantin yarinyar na nan a kan ciyawa, masa biyu a ciki.

Mata suka watsu. "Walida," wannan ta kira ta can. "Sakina," Kak Lina ta kira ta nan. Muryoyin na shiga hazon suna dawowa babu amsa. Hureira ta goya Rayyan, ta ɗaure zanin tam, ta nufi bakin ruwa. Yarinyar ba ta iya iyo ba. Wannan kaɗai ke yawo a kanta.

"Ke," ta ce. Ta ƙara ɗaga murya. "Ke. Kina ina?"

Kak Lina ta iso tana haki, ta ce da Turanci, "Ki kira ta mana, muryarki ta fi sani."

"Ina kira."

"Da sunanta."

Hureira ta kau da kai. Kak Lina ta dube ta, ta dubi Najiba, ba ta gane ba. Najiba ta ja Hureira gefe. Wannan karon babu wasa a muryarta.

"Maman Rayyan, nan ba Dukku ba ne. Babu mai kai labari gida. In kin ga dama ni zan toshe kunnena."

"Ku duba ta wajen agogo," Hureira ta ce. "Ni zan bi nan."

Ta bi gaɓar ita kaɗai. Katakon gadar ya jiƙe, yana santsi. Ta leƙa ruwan, ba ta ga komai ba sai ganye. Ta buɗe baki, sunan ya zo har bakin haƙora ya tsaya. Shekara bakwai tana kewaye shi, ko a takardar asibiti baban yarinyar ke cikewa.

A bayan rumfar ta ga takalmin yarinyar. Ruwan hoda, mai maɗauri, ya leƙo daga ƙarƙashin wani jirgi da aka kife a kan duwatsu biyu. Ta tsaya cak. Takalmin ya motsa, ya ja baya a hankali ya shige ciki.

 Yarinyar lafiya lau take. Tana jin kowa, tun ɗazu tana jin su, Walida, Sakina, ta ƙi fitowa.

Hureira ta san abin da Innarta za ta yi. Ta kamo ƙafar, ta janyo ta, ranƙwashi biyu, magana ta ƙare. Har Hureira ta ɗaga ƙafa za ta taka. Sai ta tuna sha ɗayan nan da aka ƙirga mata a mota, da yadda aka miƙo ledar ba musu. Ta waiga. Hazo ya rufe ko'ina, muryoyin matan sun yi nisa can wajen agogo. Rayyan ya yi barci a bayanta.

Ba ta ɗaga murya ba. Kamar mai tambayar hanya ta faɗe shi.

"Sakinatu."

Sai aka ji motsi, kai ya fito, hijabi duk ganye, gwiwoyi duk laka. Yarinyar ta miƙe ta tsaya tana kallon bakin uwarta, ba idonta ba.

Hureira ta kakkaɓe mata ganyen, ta kama hannunta. "Mu je, ana jiranmu."

Sha biyu saura aka tashi. Direba na ta gunaguni da Malay, Kak Lina na ba shi haƙuri. Najiba ta leƙo ta saman kujera.

"A ina kika same ta?"

"Ƙarƙashin jirgi."

"Da me kika kira ta ta fito?"

"Takalminta na gani."

Najiba ta daɗe tana kallonta, sannan ta koma ta zauna. "To Allah ya kyauta. Ni dai na ce zan toshe kunne, ban toshe ba, kuma ban ji komai ba."

Bas ta fara gangara. Yara suka yi laushi, uwaye na duba hotuna suna goge waɗanda hazo ya ɓata. Rayyan ya farka yana neman ruwa, Hureira ta ce Rayyan tsaya mana. Yarinyar ta jingina da kafaɗarta, abin da ba ta saba yi a cikin mutane ba, ta yi magana, wannan karon da Hausa.

"Shi ashirin da huɗu. Ni ɗaya."

Hureira na kallon taga. Bishiyoyi na wucewa, zafin gari ya fara shigowa ta jikin gilashi.

"Ke, cire rigar sanyin nan, mun sauko," ta ce.

Yarinyar ta cire, ta ninke, ta mayar da kanta inda yake. Hureira ba ta janye kafaɗar ba har Danau Kota.